Ƙamshin fatarmu cikin kwalbar wasu

 

A wannan mako daga Cirozerin nake rubuto muku, garin gawayin ƙasa da ke arewa da Agadas. Wanda bai taɓa kwana a Abzin cikin watan Janairu ba, to labarin ɗari kawai yake ji. Da asuba ruwan alwala sai ya ciji yatsu, iska kuma ta sauko daga duwatsu tana neman kowace ƙofa ta riga. Ma'aikatan da suka kwana bakin aiki za ka gan su suna komawa gida a naɗe da rawani, ba ka ganin komai sai idanu. Can bisa dutsen Bagzan, wanda tsayinsa ya kai mita 2,022, ruwa yakan kwana a tulu ya wayi gari da ƙanƙara. A Bilma ma, cikin Janairun 1995, ma'aunin zafi ya taɓa sauka ƙasa da sifiri da digiri biyu da ƴan kai. A irin wannan lokaci ne kasuwar bargo take ci, da ta shayi, da kuma ta wani abu da ban zaci zai kai ni ga rubutu ba, wato turare.

Mai masaukina abokina ne tun muna lise, yanzu kuwa ma'aikacin gwamnati ne a nan. Ranar Juma'a, muna shirin masallaci, sai ya buɗe akwati ya ɗauko wata baƙar kwalba cikin ladabi, kamar mai ɗauko takardar albashi. Ya ce mini wannan turaren maza ne na lokacin sanyi, ƙamshinsa fata ce da ƴaƴan itace, kuma mai kantin ya rantse masa na ainihi ne, ta Dubai ya biyo. Jaka 25 aka yi ciniki, ya ba da 10, saura sai ƙarshen wata. Ya fesa a wuya, ya fesa a hannu, ya fesa a riga, ni ma ya sam mini. Ba zan ɓoye muku ba, ƙamshin ya yi mini daɗi: zaƙi-zaƙi a farko, sa'an nan wani ɗumi mai kama da hayaƙi ya biyo baya.

Da aka sauko daga masallaci muka biya ta gidan maƙera, domin in karɓi wani alabe da na ba da a ɗinka mini. Kamar yadda kuka sani, a wurin Abzinawa mazan maƙera su ke da ƙarfe da icce, aikin fata kuwa na matansu ne. Muka tarar da tsohuwar tana zaune a rana, da basilla a hannu. Bayan gaisuwa na fara neman ragi, kamar yadda muka saba. Ba ta ko kula ni ba, sai ta ɗaga kai ta dubi abokina.

Ta ce, "Ɗana, me ka zuba a jikinka?"

Ya ce, "Turare ne, Inna, na ƙasar waje."

Ta ce, "Miƙo hannun in ji."

Ta shinshina sau biyu, ta saki hannun, ta ce, "Wannan ai ƙamshin burgamena ne, ranar da na manta dabino a cikinsa. Nawa ka saya?"

Da ya faɗa mata, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Allah ya sa albarka. Ni kuwa alaben da na yi kwana shida ina ɗinki, ga abokinka nan tun ɗazu yana ganin jaka huɗu ta yi yawa."

Muka yi dariya, amma ni tawa iyakarta baki. Tun daga ranar maganar tsohuwar nan take yi mini yawo a ka, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu duba tare.

Da farko dai, me ke cikin kwalbar? Abin da zai ba da yawanku mamaki shi ne, turaren da ake kira na fata babu fata a cikinsa ko ƙanƙani. Ba a tatsar fata yadda ake tatsar fure. Masu haɗa turare suna kwaikwayon ƙamshinta ne da wasu abubuwa dabam. Na dā shi ne kwaltar da ake samu idan aka ƙona ɓawon wani iccen ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira bouleau. Da ita majeman Rasha suke shafe fatunsu don kada ruwa ya ci su, har ƙamshin ya yi suna, kamfanin Chanel ya fitar da turare mai sunan Cuir de Russie cikin shekarun 1920. Na biyu wani sinadari ne da aka haɗa a ɗakin gwaji wajen ƙarshen ƙarni na 19, ana ce masa izobutil kinolin. Ɗigo kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa hanci ya rantse cewa sabon sirdi yake shinshina. Ɓangaren zaƙin kuma haka yake. Turaren da ya buɗe wa wannan salo kasuwa a zamaninmu shi ne Tuscan Leather na Tom Ford, wanda ya fito a 2007, inda aka gama ƙamshin fata da za'afaran da na wani ɗan itacen Turai mai suna framboise. Shi ma framboise ɗin ba daga lambu ya zo ba, daga ɗakin gwaji ne. Bayansa kamfanonin ƙasashen Larabawa suka bi sawu, kowa da nasa, har abin ya iso kantunan Agadas da teburan Cirozerin.

Dalilin da ya sa ake ce masa turaren sanyi kuwa ba wani asiri ba ne. Turare tururi ne, zafi ke tayar da shi. Da bazara, lokacin da rana take dukan digiri 40 da ɗori, turare mai nauyi yana tashi gaba ɗaya, ya gamu da zufa, ya zama azaba ga mai shi da maƙwabcinsa. Cikin ɗari kuwa a hankali yake tashi, mai sauƙi irin na lemo ya ɓace tun ba a je ko'ina ba, mai nauyi irin na fata ya zauna a jiki har dare. Ke nan abokina bai yi kuskure ba da ya zaɓi irin wannan a watan Janairu.

Yanzu ku biyo ni mu leƙa wani gari a kudancin Faransa mai suna Grasse, wanda duniya ta sallama masa a kan turare, har Unesco ta sa gwanintar mutanensa cikin gadon ɗan Adam a 2018. Mutanen Grasse asalinsu majema ne. Wanda ya taɓa wucewa ta majema ya san irin warin da ke tashi daga kwatarniya, to haka garin nan yake a dā. Safar hannun da suke ɗinkawa tana da kyau, amma manyan mutane suna ƙyamar warinta. Sai suka dubi abin da ke tsirowa a bayan gidajensu, furen lemo da sauran furanni, suka fara turara fatar da su. Ciniki ya buɗe, har a 1614 sarkin Faransa ya amince da sana'ar masu ɗinka safar hannu da turare a matsayin sana'a mai zaman kanta. Daga baya, cikin ƙarni na 18, haraji ya yi wa fata nauyi, jima ta durƙushe a garin. Amma garin bai durƙushe ba, domin turaren da aka shigo da shi don ya rufe wari, shi ya zama abincin jikokinsu har yau.

Mu fa? Fatar da ta fi kowace daraja a kasuwar Turai shekaru aru-aru, wadda Faransawa ke kira maroquin, wato ta Maroko, wani babban kaso nata ba a Maroko aka haifi akuyarsa ba. Jar akuya ce ta ƙasar Hausa, irin ta Sakkwato da Maraɗi, aka jeme ta da bagaruwa, aka rine ta da karan dafi, ayari ya ɗauko ta ya ratsa Abzin ya kai ta gaɓar teku. Can ta sauya suna, ta shiga jirgi da sunan wasu. Bature Heinrich Barth, da ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, ya ga aikin fata na garin da idonsa, ya kuma rubuta labarinsa. Ku ma'aikata da kuka yi karatun Faransanci kun san cewa har gobe idan aka naɗa mutum minista sai a ce ya sami maroquin, saboda jakar fatar da ministoci ke riƙewa. Ashe akuyarmu ta riga mu shiga majalisar ministocin Faransa.

Sai abu na uku, wanda shi ya fi tsaya mini a rai saboda garin da nake zaune. Sinadarin nan da na ambata, mai kwaikwayon ƙamshin fata, ɗan wani dangi ne da ake kira kinolin. Kakan dangin kuwa, wani Bajamushe mai suna Runge shi ya fara fitar da shi a 1834, kuma daga kwaltar gawayin ƙasa ya tsamo shi. Gawayin ƙasa, jama'a, irin wanda ake haƙa a Anu Araren, wanda kamfanin Sonichar, da aka kafa a 1975, yake ƙonawa tun 1981 yana ba Arlit da Agadas da Cirozerin wutar lantarki. Ban ce gobe da safe za a tatsi turare daga ramin Anu Araren ba, wannan aiki ne na manyan masana'antu. Amma ku lissafa tare da ni. Fata, ga ta a gidan maƙera. Ƴaƴan itace, ga motoci nan suna saukowa daga Timiya a daidai wannan wata, shaƙe da lemo, ban da rumman na lambunan Abzin da dabinon Ingal. Gawayi, ga shi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Duk abin da kwalbar nan take ba da labarinsa yana nan kewaye da Cirozerin, amma sai da labarin ya je Turai, ya biyo ta Dubai, sa'an nan muka yarda muka ci bashi muka saye shi. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Kada wani ya ɗauka yaƙi nake yi da turare. Sa turare ranar Juma'a sunna ce, kuma mutumin da yake yini a biro yana karɓar jama'a, ko ɗan kasuwar da yake zama kafaɗa da kafaɗa da abokan ciniki, haƙƙi ne a kansa kada ya cutar da hancin mutane. In kana da kyau, ka ƙara da wanka. Abin da nake cewa shi ne, mu saya da ido buɗe. Saboda haka ga ƴan shawarwari ga mai niyya.

Ka fara da lissafi. Ƙaramar kwalbar Tuscan Leather ta ainihi, mai mililita 50, ta haura yuro 200 a kantunan Turai, wato sama da jaka 130 na sefa, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, jaka 42 ne. Ke nan kwalba guda ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata uku. Duk wanda ya miƙo maka kwalba mai irin wannan babban suna a jaka 25, ya kuma rantse maka ta ainihi ce, to ɗayan biyu ne: ko an cuce shi, ko yana shirin cutarka. Araha ba ta ado. Na abokina, kafin la'asar ya bi iska, ya bar shi da bashin jaka 15 da tabo a wuyan farar riga.

Ka kuma bambanta kwaikwayo da jabu. Akwai kamfanonin da suke haɗa ƙamshi mai kama da na manyan, amma su sa sunansu da adireshinsu a kwali, su sayar da rahusa. La Yuqawam na kamfanin Rasasi da ke Dubai, misali, masu sanin turare sun daɗe suna cewa ɗan'uwan Tuscan Leather ne. Wannan ciniki ne na gaskiya, ka san abin da ka saya, ka san wanda za ka zarga. Jabu kuwa shi ne wanda ya saci sunan wani ya liƙa, ba ka san inda aka dama shi ba, ba ka san irin alkol ɗin da aka zuba ba, kuma fatar jikinka ce za ta biya, musamman a wannan lokaci da hunturu ya riga ya tsattsage ta. Ka duba lambar da ke gindin kwalba, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali; in sun saɓa, ka ajiye. Ka karanta rubutun kwalin da kyau, domin ɓarawon suna yakan yi tuntuɓe a harafi. In an rubuta eau de toilette, man ƙamshin da ke ciki yakan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin 100. In eau de parfum ne, wajen 15 zuwa 20, shi ya sa ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada.

Kada ka saya da shinshinar farko. Turare hawa uku gare shi. Abin da ka ji a minti na farko, zaƙin ƴaƴan itacen nan, shi ne mai sallama, ba ya daɗewa. Maigidan, wato fatar da hayaƙin, sai bayan awa guda yake fitowa, kuma da shi za ka yini. Ka sa a fesa maka a hannu, ka tafi ka gama cefanenka, in ka dawo yana nan kuma ya yi maka, sai a yi ciniki. In ka saya, ka shafa ɗan mai marar ƙamshi kafin ka fesa, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Fesa biyu ko uku sun isa. Ka tuna cikin ɗari tagogin biro a rufe suke, abin da kai ka daina ji, sakatarenka yana nan yana haɗiyarsa. Ka ɓoye kwalbar daga rana, kuma da zarar zafi ya kama a watan Maris, ka mai da ita akwati sai baɗi. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da turare mai alkol ba, tun da malamai sun saɓa a kan hukuncinsa, ga na mai nan birjik. Bintu Sudan, da wani kamfanin Ingila ya ƙirƙiro a 1920 kuma aka daɗe ana ɗura shi a Kano, babu alkol a cikinsa, iyayenmu ma da shi suka yi angwanci.

Sauran magana taku ce, ƴan kasuwa. Ku kuka san hanyar Dubai da Lome da Kano kamar tafin hannunku, ku kuka san abin da ɗan zinariya yake so tun da aka buɗe Jado a 2014 kuɗi suka shigo Agadas. Kwantenar da kuke cikowa da kwalabe, me take ɗauka in za ta koma? Fatunmu har yanzu yawancinsu ɗanyu suke ƙetare iyaka, a sayar da su da arha, wasu su jeme, su ɗinka, su sa sunansu. Masana'antar jima ta Maraɗi, Sonitan, ta daɗe da rufewa. Matan maƙera na Abzin kuwa, tun da tawayen 2007 da satar Turawan Arlit ta Satumban 2010 suka kori ƴan yawon buɗe ido, kasuwarsu ta koma hannun ƴan gida, mu kuwa ƴan gida ba mu iya komai ba sai neman ragi. Alhali ƙungiyar OAPI ta riga ta yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajista, tare da kilishi da cuku da albasar Galmi. Suna ya samu, saura mai ɗauka ya kai kasuwa.

Ba sai an gina babbar masana'anta za a fara ba. Mutanen Grasse ma da safar hannu suka fara. Muna da matan da suka gaji haɗa humra da turaren wuta, daga Difa har Agadas, waɗanda suka san kajiji da farce da hawi kamar yadda malami ya san allonsa. Muna da tandu, wanda kakanninmu suke zuba mai da kwalli a cikinsa tun kafin kwalba ta zo. Ɓawon lemon Timiya da muke watsa wa awaki, a wasu ƙasashe matse shi ake yi a fitar da man da ake zubawa cikin turare. Me zai hana ɗan kasuwa guda ya haɗa mai humra da mai ɗinkin fata, a fitar da alabe ko gafaka da aka turara, ko ƙaramar kwalba cikin kube na jar fata, a rubuta Agadas a jiki ba tare da jin kunya ba? Birnin da Unesco ta sa cikin gadon duniya tun 2013, sunansa kaɗai jari ne. Ku kuma ma'aikata, da ku ake yanke shawarar kyautar da za a ba baƙo in ya zo taro. Sau nawa aka ba shi abin da aka ɗinka a garin?

Ina faɗar wannan ne domin na ga abin da ya sami Akokan da Cominak ta rufe a watan Maris na 2021. Rami komai zurfinsa yana da ƙarshe, na Anu Araren ma wata rana zai kai nasa. Akuya kuwa kowace shekara tana haihuwa, lemo kowane ɗari yana nuna. Garin da ya yi tanadin sana'a ta biyu tun ta farko tana da rai, shi ne ba ya zama kufai.

Ni dai na koma gidan maƙera washegari, na biya tsohuwa jaka huɗunta cif, ban nemi ragin ko dala ba. Ta sa mini albarka, ta kuma jefa dabino uku cikin alaben, ta ce in bar su su kwana biyu. Yau da safe na buɗe na shinshina. Abokina ma ya shinshina, ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya tambaye ni ko tsohuwar tana karɓar biya kaɗan-kaɗan.

Allah ya ba mu lafiyar ɗari, ya sa albarka cikin abin da muke nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.